Ƙafar da Kika Janye

Daga mahaifinki, Isuhu baduku, nan Dakoro, zuwa ga ɗiyata Barira, a Yamai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan takardar nan ta tarar da ke lafiya, ke da mutanen gidan da kika sauka. Allah ya tsare ki a kwanakin da suka rage kafin jirginku ya tashi zuwa Faransi, ya tsare ki a sama, ya sauke ki hannun mutanen kirki. Innarki tana gaishe ki. Labarin gida ba zan ba ki ba, bai daɗe da kika bar mu ba, kuma babu abin da ya sake a gidan sai ni.

Kin san ni da waya. In na ɗauka sai in yi ta ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙarshen gona, in raina ya ɓaci kuma in kashe tun ban gama ba. Shi ya sa na nemi takarda. Ɗan bokon da na samu a lakwal, makarantar boko, kafin kakanki ya cire ni ya zaunar da ni kan fata, yau ga ranarsa. In kin ga harafi ya karkace ki yi haƙuri, hannun da basilla ya saba.

Barira, har yanzu ban dawo daidai ba. Zan maimaita miki abin da ya faru ko da yake kina wurin, domin ki gan shi daga inda nake zaune.

Kin san al'adar gidanmu. Wanda zai yi tafiya mai nisa ba ya fita da takalmin kasuwa. Maigida ne zai shimfiɗa fata a tsakar gida, matafiyi ya ɗora ƙafarsa ta dama, a yi bisimilla, a zagaye ta da gawayi, sannan ta hagu. Haka kakanki ya yi mini, haka na yi wa yayanki da zai tafi Agadas. Tun ranar da aka ce kin samu bursi, kuɗin tallafin karatu, na ware fatar wata jar akuya, na hana kowa taɓa ta. Da kika zo sallama, da hantsi na shimfiɗa ta, na kira ki. Kika zo kina murmushi, har kin cire silifa kin miƙo ƙafa. Sai kika duba ƙasa, kika janye ta kamar wadda ta taka garwashi.

Kika ce, “Baba, ka yi hanƙuri. Na bar sa hwata.”

Na ɗauka ƙaiƙayi take sa ki, na ce ai sai in yi mata shafi da ƙyalle. Kika ce ba ciwo ba ne, kin zama “began” ne. Innarki tana bakin murhu, ta saki muciya ta juyo.

“Begen wa kike? Ɗan wane gida ne?”

Ke kin yi dariya. Ni ban yi ba, domin kin ci gaba da bayani, kuma kowace kalma sai ta fi ta baya nauyi. Kika ce sunan mutanen da suka bar amfani da duk abin da ya fito daga jikin dabba ke nan. Naman da kika bari tun bara, da muka ɗauka ciwon ciki ne muka yi ta yi miki sannu, ashe somin abin ne. Yanzu kin kai ga tufafi. Ba fata, ba ulu na gashin tumaki, ba siliki domin wai tsutsa ce take saƙa shi, ba maɓallin ƙaho, ba gashin tsuntsu. Har kakin zuma da nake murza zare da shi kika ce yana ciki. Na zauna da gawayi a hannu, baki buɗe.

Barira, ke fa a fata aka goye ki. Fatar ragon sunanki kakarki ta sa aka jeme, da ita aka ɗaure ki a baya har kika yi ƙafa. Ruwan da kika fara sha da gugan fata aka jawo shi. Allon da kika fara wankewa, a gafakar da na ɗinka kika riƙa sa takardunsa. Kowane littafi da kika buɗe tun daga lakwal har inibarsite, akuya ce ta ba da bayanta aka saya. Da wani ne ya zo rumfata ya ce akwai mutanen da ba sa sa fata don tausayin dabba, da na ce ya zauna ya sha ruwa, rana ce ta buge shi. Sai ga shi a tsakar gidana, daga bakin ɗiyar baduku, jikar baduku.

Abin da na yi bayan nan kin gani. Na naɗe fatar na fice kasuwa, ban ƙara yi miki magana ba sai amsa gaisuwa. Ranar tafiyarki ban raka ki tasha ba, na ce ina da aiki, alhali ba ni da komai. Wannan kuskure ne, kuma sabo ne fil, bai ma bushe ba. Kada ki koyi wannan daga gare ni. In magana ta girgiza ki, ki zauna inda kike ki yi tambaya, ko da muryarki tana rawa. Mai fushi yana ganin shirunsa magana ce, amma wanda aka yi wa shirun ba ya jin komai sai ƙofa da aka rufe.

Bayan tafiyarki innarki ta shiga ɗakinki ta kira ni. Kan gado ga kayanki a jere, an goge su an ninke: takalman da na yi miki, da zabirarki, da ɗamara, har da buzun da kike salla a kai tun kina yarinya. Ban ga wulaƙanci a yadda kika ajiye su ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo, domin ya nuna kin daɗe kina shirin abin. A nan wata tambaya ta shige ni, kuma ita ce dalilin takardar nan. In abin da hannu ya yi ya zama abin ƙyama a wurinki, shi hannun fa? Hannuna ya rine da karan dafi, yana warin jima ko na wanke shi da sabulu. Na riƙa tuna yadda kika karɓi moɗa daga hannuna kwanakin nan, ina tambayar kaina ko da gefen yatsu kika karɓa. Ban sani ba ko na gani ne ko zuciya ce take ƙara mini. Tsoro nake ji, Barira, kada ki hau jirgin nan kina ƙyamar ubanki.

Da na rasa abin yi sai na shiga tuna nawa, domin ba ke kika fara kawo baƙon ra'ayi gidan nan ba.

Ina saurayi kakanki ya tura ni Maraɗi in koyi ɗinkin jakunkunan zamani wurin wani abokinsa. Can na shiga zama wurin wa'azi bayan la'asar, na ji ana cewa rataya laya ba daidai ba ne. Maganar ta shige ni sosai, na dawo Dakoro ina tafasa. A lokacin kusan rabin aikin rumfarmu ɗinkin laya ne, malam ya rubuta, a kawo mana mu rufe cikin fata. Wata ranar kasuwa, rumfa cike da mutane, wata mata daga garin Mai Yara ta miƙo layar jaririnta, kakanki ya turo mini. Na ture ta da bayan hannu, na ce da ƙarfi ni na bar wannan aikin, mai yin sa ma ya nemi gafara. Kakanki ya ɗauki layar daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya ɗinke, ya miƙa wa matar ya ce Allah ya raya. Bai yi mini faɗa ba. Sai da damina ta wuce, wata rana muna yanka tafin takalmi, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

“Isuhu, da ka bari kasuwa ta watse.”

Kin san har yau ba na ɗinka laya. Ban sake ra'ayi ba. Abin da nake nadama shi ne bayan hannun nan, da taron da na yi a gabansa. To ke ma za ki zauna da mutane masu takalmin fata da rigar ulu, a can da nan. Ki riƙe abin da kika riƙe, amma kada ki mai da shi sanda. Wanda ya tambaye ki, ki faɗa masa. Wanda bai tambaya ba, ki bar shi da takalminsa. Kuma dole in faɗi gaskiya: ke a cikin gida kika faɗa mini, da ba da haƙuri a gaba. Kin fi ni ladabi, wannan ma yana cikin abin da yake ba ni haushi.

Akwai wani kuskuren da ban san kuskure ne ba sai yanzu. Kin tuna jar akuyar nan da kika sa wa suna Amarya, don ƙafafunta baƙaƙe kamar an ƙunsa mata lalle? Kina ƙaramin aji a lokacin. Ita ke raka ki bakin ƙofa, ke kuma kina ɓoye mata dusa a gefen zane. Ta karye a ƙafa, karayar da ba ta ɗoruwa, na sa aka yanka ta kina lakwal. Da kika dawo kika yi kuka, muka ce yarinta ce. Ni kuwa na ɗauki fatar da kaina na kai majema, na tsaya a kansu har aka jeme ta yadda nake so. Na zauna na ɗinka miki kartabul na zuba littattafai, na yi masa ado irin wanda ban taɓa yi wa na sayarwa ba. Ranar buɗe lakwal na rataya miki shi, ina jin kaina uba na gari, na ce ga Amaryarki nan, yanzu kullum tana bayanki.

Kika dube shi, kika shafa, kika cire shi a hankali kika ajiye. Shekarar nan duka a leda kika riƙa kai littattafanki. Na yi miki faɗa, na ce ba ki da godiya, 'ya'yan wasu suna neman irinsa ba su samu ba. Wallahi a zuciyata kyauta na yi miki. A wurin baduku babu girmamawar da ta wuce a ce dabba ta mutu amma fatarta ba ta lalace ba. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda yarinya za ta ji an rataya mata ƙawarta a wuya ba. Da na tuna wa innarki wannan kwanan nan, sai ta ce ai ita tun ranar ta gani, ni ne ba a iya faɗa wa magana.

Saboda haka in za ki yi wa mutum alheri, ki fara tambayarsa. Abin da yake kyauta a idonki yana iya zama ciwo a nasa. Sannan kada ki bari kowa a can ya ce shi ya koya miki tausayin dabba. Sunan kawai suka ba ki, shi ma sunan da innarki ba ta iya faɗa. Tausayin a tsakar gidan nan kika same shi, a gindin turken awaki.

Wannan ya kai ni ga Agali. Ba ki san shi ba, Buzu ne makiyayi, abokina ne tun ƙuruciya, ni ke yi masa kube da salka. Wata shekara ruwa ya ƙi, ciyawa ta ƙare tun da wuri, dabbobi suka riƙa faɗuwa kan hanyar gangarowa daga arewa. Fata ta yi yawa har ba mai so. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, gani na yi kasuwa ta buɗe. Na ɗauki amalanke na nufi wajen garin Rumbu ina tara fatu. Can na tarar da Agali durƙushe yana feɗe wata saniya da ya yanka kafin ta mutu da kanta. Ko gaisuwar kirki ban gama ba, na kama gefen ƙirgin na murza, na ce wannan zai yi tafin takalmi mai kyau. Ya ɗago ya dube ni. Sai ya faɗa mini sunan saniyar, da sunan uwarta, da na kakarta, ya ce kakar ce ubansa ya ba shi ranar da aka naɗa masa rawani. Ya ƙarasa fiɗar, ya naɗe ƙirgin ya ɗora mini a amalanke, ya ƙi karɓar komai. Tun daga ranar bai ƙara zama a rumfata ba. In mun haɗu mukan gaisa, shi ke nan.

Ki kiyaye bakinki a wurin da ribarki take hasarar wani. Wannan ɗaya ne. Ɗayan kuma, kin ba mu labarin manyan gidajen da ake tara dabbobi a can, a cunkushe, ba su san rana ba, ba su san ciyawa ba, ana kiwonsu don fata ko gashi kawai. Kika ce abin da kika gani a waya ke nan ya hana ki sukuni. In haka abin yake, ni ma ban yarda da shi ba, kuma ban san makiyayin da zai yarda ba. Amma in kika ji ana haɗa mu da su, ana cewa duk mai taɓa fata mara imani ne, kada ki yi shiru don a karɓe ki. Ki ba su labarin mutumin da ya san sunan kakar saniyarsa. Ki gaya musu akwai inda mutum yake rage nonon da zai sha don maraƙi ya ƙoshi. Ba na ce ki kare sana'ata ba. Mutanenki nake cewa kada ki bari a yi musu ƙarya a gabanki.

Na ji daɗin abu ɗaya cikin bayaninki, ko da yake a ranar ban nuna ba. Innarki ta tambaye ki ko kina nufin fata haramun ce, kika ce a'a, ba ki isa ki haramta abin da Allah ya halatta ba, bari kawai kika yi. To ki tsaya nan, kada ki ƙara taki ɗaya. Mutum yana iya barin halal, ba wanda zai tuhume shi. Ranar da kika fara ganin kin fi mai layya tsarki, ranar kin ɓata.

Yanzu bari in yi magana irin ta mai sana'a, domin wannan kam na sani. In kin bar fata, me za ki sa? In roba ce, ki je ki tambayi mahautan garin nan abin da suke cirowa daga tumbin awaki. Dunƙulen leda ne, wani girmansa ya kai kan yaro, akuya ta yi ta ramewa ba a san dalili ba sai an yanka. Takalmin roba kuwa damina ɗaya ya tsinke, a jefar bayan gida, ya zauna nan har jikokinki su tarar da shi. Kada ki gudu daga abin da yake cutar dabba sau ɗaya ki faɗa wanda yake cutarta kullum. Ki nemi auduga, ki nemi saƙi, ki nemi abin da in ya tsufa ƙasa za ta ci. Ki sayi kaɗan mai ƙarko, in ya yage ki ɗinke, ai kin iya riƙe allura.

Batun ulu ne ya fi tsorata ni. An ce sanyin can ba irin namu ba ne, har ruwa yake mai da shi dutse. Tunkiyar da aka yi wa aski gashinta yana tohowa, ke kuwa in sanyi ya shiga ƙirjinki ba ni da wata Barira. Har tsutsa ta samu mai tsaya mata, to ni ma bari in tsaya wa ɗiyata. Kin ce akwai rigunan sanyi da babu dabba a cikinsu. To ki saya tun ranar da kika sauka, mai kauri, kada ki jira sai kin fara tari. Innarki ta sa miki gwadonta na auduga cikin ƙunshin da zai zo da takardar nan. In kuwa wata rana ya zama tsakanin rigar ulu da lafiyarki ne, ki sa rigar, ki ce ubanki ne ya tilasta miki, laifin a kaina.

Saura kuskure ɗaya, shi kuwa kwanan nan na je na biya shi da ƙafata. Kin san Sala'u, mai takalmin taya a bakin tasha. Da ya fara sana'ar, shekarun baya, ya zo ya nemi in bar shi ya zauna gefen rumfarmu. Na ce layin dukawa ba juji ba ne, ya kwashe tsummokaran motarsa ya yi gaba. Mutane suka yi dariya, ni ma na ji daɗin maganata. Ya tafi bakin tasha, ya yi ta yankan tayarsa, manoma da makiyaya suna saye, domin ƙaya ba ta huda ta.

Ga yadda aka yi na je wurinsa. Kwanaki bayan tafiyarki ina ta kumbure-kumbure a gida, innarki ta gaji da ni. Ta ce in na gama fushin, in je bayan randa in ɗaga ƙwaryar da ta kife. Na je na ɗaga. Sawunki ne. Safiyar da za ki tafi kin yi alwala a wurin, kika taka rairayi mai laima ba takalmi, ƙafar dama ta fito sarai har da yatsu. Ita ta gani ta kifa ƙwarya a kai don kada kaji su tone, ba ta gaya wa kowa ba. Na daɗe tsugune a wurin. Ba zan ɓoye miki ba, na yi hawaye. Sannan na samo kara na auna tsawo, na auna faɗi da zare.

Na tafi bakin tasha da karan a aljihu. Sala'u ya hango ni tun daga nesa, ya ajiye wuƙa, ya gyara zama.

“Yau kuma sarkin hwata ne bakin juji? Lahiya dai?”

Ashe bai manta ba. Na ce na zo koyo ne. Ya ce in sake faɗa, kunnensa ɗaya ba ya ji. Na sake faɗa, masu jiran mota suna kallo. Ya yi dariyarsa har ta ishe shi, sannan ya matsa ya ba ni wuri kan bencinsa, ya nuna mini inda ake yanka taya a kauce wa ƙarfen da ke ciki, da yadda ake jiƙa wuƙa da ruwa don ta wuce. Bai tambaye ni dalili ba sai da zan tashi, da na faɗa masa kuwa shi ma sai da ya riƙe baki. Kada ki raina sana'ar kowa, Barira, ko ta mai sharar ɗakin karatunku ce. Ba don wata rana za ki buƙace shi ba. Don shi ma yana tuna abin da aka faɗa masa.

To, cikin ƙunshin nan, ƙarƙashin gwadon innarki, za ki ga takalmi. Tafinsa taya ne. Samansa kaba ce, innarki ta kitsa, na shafe cikinsa da farin saƙi don kada ya ci miki ƙafa. Zaren abawa ne, ban murza shi da kaki ba, ƙaro na jiƙa na shafa masa. Ban sa gam ba, domin ban san da me ake yin sa ba. Na sayi sabuwar basilla. Ban yi aikin kan katakona ba, tunda ya sha man shanu shekara da shekaru, gindin dogon yaro na zauna da wani sabon itace. Dukawan layinmu sun riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa, wani ya ce ko na fara taɓuwa ne.

Bai yi kyau ba, na sani. Kaba ba ta miƙa wuya kamar fata, in ka ja ta sai ta tsage, sai da na warware na sake ban san iyaka ba. Na hagun ma da ka na yi shi, domin sawun dama kaɗai kika bar mini, ina jin ya ɗan fi faɗi. Tun da na fara riƙe basilla ban taɓa fitar da aiki mai muni kamarsa ba, kuma ban taɓa shan wahalar wani kamarsa ba. Ba zai yi miki maganin sanyin can ba, na cikin ɗaki ne. Amma ɗiyar gidan nan ba za ta ƙetare teku da takalmin kasuwa kaɗai ba.

Na bi abin da kika lissafa ɗaya bayan ɗaya, na cire duk wanda na iya cirewa. Babu fata, babu gashi, babu ƙaho, babu kaki. Abu ɗaya ne ya gagare ni. Hannun da ya ɗinka shi hannun baduku ne, kuma gobe da safe zai koma kan fata, domin ita na iya, ita kuma zan yi har in mutu. Na wanke shi kafin in fara, na kuma wankewa, jan bai fita ba. In shi ma yana cikin abin da kika bari, kada ki sa takalmin don tausayina, ki ba wata. Sai dai ki faɗa mini da bakinki kafin jirgin ya tashi. Ki kira da hantsi, ina gida. Na yi wa innarki alkawari ba zan ɗaga murya ba, kuma ko me kika ce ba zan kashe wayar ba.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙunci, ya tsare miki sallarki da lafiyarki, ya ba ki abin da kika je nema. Ya haɗa ki da masu tausayinki kamar yadda kike tausayin bayinsa marasa baki. Allah ya kai ƙafarki inda alheri yake, ya dawo mana da ita tsakar gidan nan, da takalmina ko babu shi. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini tashar da ban je ba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isuhu